Kuɗin Wata a Zauren Magina: Abin da Yake Saya da Abin da Ba Ya Saya

Ƙanwata, tambayarki ta iso gare ni, kuma ga yadda na fahimce ta. Kin kammala karatun ginin yumɓu a jami'a, kin gama bautar ƙasa, kin dawo gida ba ki da tanderu ba ki da keken gini, wato faifan da ke juyawa ana gina kaya a kansa, sai hannu da sha'awa. Sai aka ba ki labarin wani zaure na tarayya inda magina ke biyan kuɗi duk wata su yi aiki da kayan wurin, kuma masu shi sun ce kowane mamba yana da gurbi a baje kolin da suke shiryawa a ƙarshen shekara. Kina son sanin ko shigar ta cancanci kuɗinta, da kuma ko ita ce hanyar da za ta kai aikinki manyan gidajen nunin fasaha na Abuja da Legas.

Tambayoyi biyu kika ɗaure da igiya ɗaya, kuma masu zauren ma haka suka ɗaure su a tallarsu, domin sun san maganar baje koli ce ke jan hankalin matashin magini. Ni da na yi shekaru ina toyi a tanderun da ba nawa ba kafin Allah ya hore mini na gina nawa, shawarata ita ce ki shiga idan wutar wurin tana da tsari, ko da ba su taɓa shirya baje koli ba, kuma ki haƙura da su idan wutar ba ta da tsari, ko da sun yi miki alkawarin kai aikinki Landan. Kuɗin da za ki riƙa biya duk wata kuɗin wuta ne, sai kuma na zama kusa da waɗanda suka riga ki cikin sana'ar. Baje koli wani ciniki ne dabam, da wasu mutane dabam, kuma lokacinsa yana gaba.

Bari in fara da wutar. Iyayenmu magina na karkara ba su taɓa bukatar irin wannan zaure ba, saboda matoyarsu fili ce: a jera tulu da randa da kasko, a lulluɓe su da kara da ciyawa da itace, a cinna wuta, cikin 'yan sa'o'i an gama. Zafin da irin wannan toyi ke kaiwa yawanci bai wuce digiri 600 zuwa 900 ba, kuma shi ne daidai da abin da ake nema, domin tukunya tana fitowa jikinta bai toshe ba, ta jure wutar murhu, randa kuma ta riƙa tsattsafo da ruwa tana sanyaya shi. Aikin da aka koya miki a jami'a kuwa wuta biyu yake ci. Ta farko tana kaiwa wajen digiri 900 zuwa 1000, ta mayar da busasshen yumɓu abin da ruwa ba zai sake narkarwa ba amma yana iya shan ruwan ƙyalli, wato haɗin da ake tsoma kaya a ciki ya narke a wuta ya zama rufi mai sheƙi kamar gilashi. Ta biyu, bayan an tsoma kayan a ruwan ƙyallin, tana hawa digiri 1200 zuwa 1300 idan ana son jikin ya haɗe kamar dutse. Babu tarin karan da zai kai wannan zafi. Sai tanderu na tubalin da ke jure wuta, da kantoci na musamman, da mai toyin da ya san wuraren da ake tafiya a hankali, musamman wajen digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya ya tsaga duk abin da aka yi wa gaggawa.

Mutane suna ɗauka tsadar gina tanderu ce kaɗai ke hana mai farawa mallakar nasa. Akwai abin da ya fi wannan ciwo, wato cika shi. Gas ɗin da za ki ƙona ki toya kofuna goma bai yi nisa da wanda za ki ƙona ki toya cikin tanderun gaba ɗaya ba, saboda tubali da kantoci ne ke shanye mafi yawan zafin. Don haka mai aiki shi kaɗai sai ya jira wata biyu ko uku kafin kayansa su isa a kunna wuta, ya zamana sau huɗu ko biyar kaɗai yake toyi a shekara. Wannan na nufin sau huɗu ko biyar kaɗai wuta ke gaya masa kuskurensa a shekara, alhali a wannan sana'a babu malamin da ya kai buɗe tanderu. A zauren da ake toyi duk mako ko duk mako biyu kuwa, kina iya cusa ƙananan faranten gwaji guda biyar ko shida a kowace wuta, ki ga sakamakon, ki gyara haɗinki, ki sake gwadawa tun abin yana sabo a kanki. Abin da mai tanderu shi kaɗai zai koya a shekara uku, ke kina iya koyonsa kafin damina ta zagayo. A ganina wannan ita ce babbar hujjar shiga, kuma ita ce masu talla ba su cika ambata ba.

Wannan lissafi ne ya haifi zaurukan tarayya a ƙasashen da suka yi suna da su. The Clay Studio na birnin Filadelfiya a Amurka, wanda a yau yake da azuzuwa da ɗakunan nuni, masu fasaha biyar ne suka kafa shi a 1974 saboda suna neman wurin aiki. A Landan, Turning Earth ya buɗe a 2013 a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a gabashin birnin, a kan tsarin biyan kuɗin wata a zo a yi aiki da kayan wurin. Duka biyun da wurin aiki da tanderu suka fara, nuni da kasuwa daga baya suka biyo.

To, yaya za ki gane wutar wuri tana da tsari? Gani ya kori ji. Kada ki je ranar da suka gayyace ki. Ki tambaya wace rana za a buɗe tanderu, ki je ranar. Ki tsaya ki ga yadda kayan ke fitowa, ki kwatanta na kantar sama da na kantar ƙasa, domin tanderun da samansa ya fi ƙasansa zafi sosai zai ba ki launi biyu daga bokitin ƙyalli ɗaya. Ki ɗauki kwano ɗaya bayan ya huce ki ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa: wanda ya nuna yana ƙara kamar ƙararrawa, wanda bai nuna ba ko ya tsage a ɓoye sautinsa a dushe yake. Ki duba kantocin da kansu, ko an shafe su da farin shafen da ke hana ƙyalli mannewa, ko kuwa duk sun cika da tabon abin da ya narke. Sannan ki nemi a nuna miki littafin toyi, wanda ake rubuta ranar kowace wuta, da awa nawa ta ci, da zafin da ta kai, da sunan wanda ya tsare ta. Ki tambaya ko suna sa ƙananan tsinayen nan da ake kira kon, waɗanda ake jerawa a gaban kafar leƙe su lanƙwashe idan zafi ya yi aikinsa, domin na'urar auna zafi tana faɗin zafin iskar da ke kusa da bakinta ne kawai, kon kuwa yana faɗin abin da wuta ta yi wa yumɓu. Idan tanderun na lantarki ne, ki tambaya me suke yi idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar toyin da ke cin awa takwas ko goma. Wurin da ba shi da littafin toyi kuma ba shi da amsar wannan tambaya, sa'a yake sayar miki.

Akwai wata doka guda da nake so ki tabbatar suna da ita, kuma da hasara na koye ta. A wani zaure da na yi aiki ina matashi, na shirya kwanuka goma sha huɗu masu ƙyallin toka domin baje kolin haɗin gwiwa na farko da aka taɓa sa ni a ciki, saura mako uku a buɗe. Wani sabon mamba ya zo da 'yan tuluna da ya gina da jar lakar da ya haƙo a bakin kududdufin garinsu, bai faɗa wa kowa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi, aka jera su a kantar sama a wuta mai zafi. Bayan kwana biyu da sassafe muka fara zare tubalin ƙofar ɗaya bayan ɗaya, ɗumi yana dukan fuskokinmu, sai na hango wani baƙin abu yana reto daga gefen kantar kamar kwalta ta daskare tana cikin zuba. Jar lakar ba ta jure wannan zafi ba. Ta narke ta kwarara, ta cika kwanukana, ta liƙe su da kantar da ke ƙasa, har sai da muka sa guduma da kurfi muka ɓamɓare su. Uku suka tsira. Na daɗe ina jin haushin yaron, amma daga baya na gane laifin na zauren ne, domin ba a taɓa gaya masa ba. Dokar ita ce, duk yumɓun da aka kawo daga waje ba ya shiga tanderu sai an fara gwada ɗan guntunsa a cikin ƙaramin kasko mai jure wuta. Idan kika tambaya suka dube ki kamar kin kawo sabon abu, kin samu amsarki.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta da wuya idan an yi ta a fili. Wasu wurare suna haɗa toyi a cikin kuɗin wata zuwa wani iyaka, wasu suna cajinsa dabam, ko da nauyin kaya ko da girman wurin da suka ci a tanderu. Ki san ko yumɓu da ruwan ƙyalli suna ciki, awa nawa ake ba ki a mako, kanta nawa ce taki, da abin da ke faruwa da kayanki idan wata ya mutu ba ki biya ba. Yawancin zauruka ba sa biyan diyyar abin da ya fashe a wuta, kuma wannan ba zalunci ba ne matuƙar an faɗa tun farko. Bayan kin tara duka, har da kuɗin mota zuwa da dawowa, ki raba da yawan kayan da kika san hannunki zai iya gamawa a wata. Abin da ya fito shi ne kuɗin da ke kan kowane kofi tun kafin a yi maganar ribarki. Yumɓu kuma ba ya jiran mai shi: kwanon da kika gina yau yana son a gyara gindinsa gobe ko jibi, kuma a lokacin hunturu, idan ba a rufe shi da leda ba, kafin ki dawo bakinsa ya bushe ya tsage. Zauren da ba za ki iya zuwa sau uku a mako ba ya yi miki nisa, komai kyansa.

Lafiyarki ma tana cikin abin dubawa, kuma a nan ba na sassauci. Ƙurar busasshen yumɓu tana ɗauke da garin yashi mai laushi wanda ke zama a huhu ba ya fita, cutarsa kuma sai bayan shekaru take bayyana. Zauren kirki da jiƙaƙƙen tsumma ake goge shi, ba a share shi da tsintsiya a busashe. Tanderun gas yana bukatar sarari da mafitar hayaƙi, saboda iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari. Ki kuma tambaya ƙarara ko akwai dalma a cikin wani ruwan ƙyallinsu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan haɗarin sa ta a kwanon da za a ci abinci a ciki.

Abu na biyu da kuɗinki ke saya shi ne idon abokan aiki. Wata rana wata dattijuwa za ta wuce ta bayanki, ta ɗaga butar da kika gama, ta juya ta, ta ce gindin ya yi nauyi, ta ajiye ta wuce. Wannan kalma ɗaya tana iya fin darasin zango guda. Amma zaman tare yana da nasa tarkon, kuma ya shafi tambayarki ta biyu kai tsaye. Idan mutum ashirin suna tsoma kayansu a bokitai shida iri ɗaya, suna gini da yumɓu ɗaya, ana toya musu a wuta ɗaya, to bayan shekara aikinsu yana komawa kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya, kuma mai gidan nuni da ya san garin zai gane zauren kafin ya gane magini. Saboda haka ki tambaya ko ana barin mamba ya haɗa nasa ruwan ƙyallin bayan gwaji. Kayan haɗin suna kewaye da mu: tokar itace, tokar ƙaiƙayin shinkafa, garin dutse daga wurin fasa duwatsu, da farin yumɓu irin na Ƙanƙara a jihar Katsina. Wurin da ya hana wannan ya dace da mai koyo da mai yi don nishaɗi, amma zai yi miki kaɗan nan da shekara biyu.

Yanzu ga baje kolin mambobi da suka yi miki alkawari. Yana da amfani, kuma kada ki raina shi. Yana sa miki wa'adi, yana tilasta miki sa farashi a kan abin da kika gina, yana ba ki damar tsayawa a gefe ki ga wane kwano baƙo ke miƙa hannu ya ɗauka, wane kuma yake wucewa ko kallo babu. Sai dai nunin da kowane mai biyan kuɗin wata ke shiga ba zaɓe ba ne, kuma masu gidajen nuni sun san haka. Darajarsa a wurinsu tana ga wanda ya zo kallo. Don haka ki tambaya a ina aka yi na bara, su wa suka halarta, kaya nawa aka sayar, kashi nawa zauren ya ɗauka, kuma ko akwai mamba ko ɗaya da wani gidan nuni ya ɗauka daga nan. Ki nemi ki yi magana da wannan mamban da kanki.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, kuma ina so ki dube shi da idon mai sana'a. Lokacin da Michael Cardew, wani magini ɗan Ingila, ya zo kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wadda ake kira Suleja a yau, a farkon shekarun 1950, ya ga tukwanenta ne a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Wato tun kafin ta taka ƙofar cibiyar a 1954, a matsayin mace ta farko, ta riga ta gwanance, kuma aikinta yana da kamannin da ake gane shi da su: manyan tukwanen ruwa na Gbagyi, ginin hannu, da zanen ƙadangare da kunama da kada da kifi. Abin da cibiyar ta ƙara mata shi ne wuta mai zafi da ruwan ƙyalli, kuma wannan ya sauya tukunyar ɗungurungum, domin ta yi nauyi, jikinta ya toshe, ba ta ƙara sanyaya ruwa ba, ta koma abin ajiyewa a kalla. Sa'annan aka kai kayan cibiyar gidan nuni na Berkeley a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ba domin ita mamba ce ba, sai domin akwai wanda ya san masu gidan, ya kuma yarda da aikin har ya tsaya masa. Abubuwa uku ne suka haɗu: hannun da ya riga ya nuna, wutar tarayya, da mai tsaya wa aiki. Zaure yana ba da na tsakiya tabbas, wani lokaci yana haɗa ki da na uku, amma na farko naki ne. Magdalene Odundo, 'yar asalin Kenya da tukwanenta ke manyan gidajen tarihi na duniya a yau, ita ma a wannan cibiya ta zo ta koyi ginin hannu a 1974. Reshen wannan gado yana nan a wurare irin su Bwari da Ushafa, kuma ya kamata ki je ki ga yadda suke toyi.

Kafin ki ƙwanƙwasa ƙofar kowane gidan nuni, ki yanke wa kanki hukunci a kan irin aikin da kike yi, domin kasuwa biyu ce. Kofi da faranti da kaskon turare suna da masu saye a shagunan kayan hannu, da otal-otal, da gidajen abinci, da masu haɗa kayan ɗakin amarya, da Instagram, kuma su ne za su biya miki kuɗin wata. Babu ƙasƙanci a cikinsu ko kaɗan. Ni har yau su ke riƙe da ni. Manyan gidajen nunin ƙasar nan kuwa zane da sassaƙa suka fi sabawa da su, kuma da yawansu har yanzu kayan girki suke ɗaukar yumɓu. Waɗanda suka keta wannan shinge, irin su Ozioma Onuzulike da Ngozi-Omeje Ezema na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, sun yi haka ne da aikin da ke da magana guda bayyananniya, inda ake haɗa ɗaruruwan ƙananan gutattsarin yumɓu su zama abu ɗaya. Ba ina cewa ki kwaikwaye su ba. Ina cewa mai gidan nuni yana neman aiki goma sha biyu zuwa ashirin da suka fito daga tunani ɗaya, waɗanda idan aka jera su za a ce hannu ɗaya ne, kuma yana son ya tabbata za ki iya kawo wasu irinsu baɗi. Yana damuna ƙwarai in ga ɗalibanmu suna kwafar siffofi daga hotunan intanet, alhali siffar tulu da shantali da zayyanar bangon gidajen Zariya da Kano suna nan ba a gama da su ba.

Idan aikin ya taru, ki ɗauki hotonsa a kan farin bango ko mai ruwan toka, da hasken rana na inuwa, kowane ɗaya da sunansa da tsawonsa da faɗinsa da shekarar da aka yi shi. Ki riƙa zuwa bukukuwan buɗe nuni a gidajen da kike sha'awa, irin su Nike da Thought Pyramid, ki ga abin da suke nunawa kafin ki aika musu da komai. Ki shiga reshen jiharki na ƙungiyar masu fasaha ta Najeriya, wato SNA, domin nune-nunen haɗin gwiwarta ƙofa ce ta gaske ga mai farawa. Gasar Life In My City da ake yi a Inugu tun 2007 domin matasa aka kafa ta, kuma alƙalai ne ke tace aikin, abin da ya sa shigarta ke da nauyi a takardar tarihin aikinki. Art X Lagos, babban baje kolin fasaha na Legas wanda aka fara a 2016, gidajen nuni ne ke kama rumfuna a cikinsa su zo da masu fasaharsu, don haka hanyarsa ta gidan nuni take bi.

Ranar da wani gida ya ce yana son aikinki, murna za ta so ta rufe miki ido, kuma a ranar ce ya kamata ki fi natsuwa. Mai gidan nuni dillali ne, la'ada yake ci, kuma a manyan gidajen Turai da Amurka rabin farashi ne abin da aka saba. A nan gida ya danganta da gidan da kuma cinikin da kuka yi. A ce an sayar da tulunki naira 200,000 a kan rabi, abin da zai shigo hannunki 100,000 ne, kuma a cikinsa za ki fitar da kuɗin yumɓu da wuta da mota da na waɗanda suka fashe. Daga nan ake fara lissafin farashi, a yi sama. Kuma da zarar an sa wannan farashi, kada wani ya biyo ki zaure ki sayar masa irinsa a rabin kuɗin, domin ranar da mai gidan ya ji, hulɗarku ta ƙare, kuma yana da gaskiya. Duk abin da kika bari a hannunsu a rubuta shi: hoton kowane aiki, farashinsa, la'adar, kwana nawa bayan sayarwa za a biya ki, wa ke ɗaukar hasarar abin da ya fashe a wurinsu, wa ke da ikon yin ragi, da ranar da za ki kwashe abin da bai shiga ba. Na taɓa barin tuluna shida a wani gida a kan amana da fatar baki. Da na koma aka ce biyu sun fashe, ban ga tsingaronsu ba, ban kuma da takardar da zan nuna. Tun ran gini tun ran zane.

Ki yi hattara da gidan da ke neman ki biya shi kuɗi mai yawa kafin ya nuna aikinki. Ɗan kuɗin shiga gasa ko na kama rumfa a kasuwar baje koli abu ne sananne, kuma kin san abin da kika saya. Amma gidan da ya riga ya ci ribarsa daga aljihunki ba shi da sauran dalilin wahalar neman mai saye. Wajen kai kaya kuma, kwali biyu ake yi, ƙarami a cikin babba, a cusa abu mai laushi a tsakaninsu ta kowane gefe har ya zamana ko an girgiza ba a jin motsi. Idan kuma aikin zai fita ƙasar waje, ki nemi takardar izini daga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tun da wuri, saboda tukunyar da ta yi kama da ta da tana iya tsayawa a hannun jami'an kwastan a kan zargin kayan tarihi ce.

Da ni ne a matsayinki, da wata uku zan fara biya, ba shekara ba, ko da sun yi ragi ga mai biyan shekara. A watan farko ba zan gina abin sayarwa ba. Zan yanka faranten gwaji masu yawa daga yumɓun wurin, in ja layi mai tsawon santimita 10 a kan kowanne tun yana ɗanye, in rubuta lamba a bayansa, in sa wasu a kantar sama wasu a ta ƙasa a kowace wuta. Bayan toyi na biyu ki auna layin. Yawanci za ki tarar ya koma tsakanin santimita 8.7 da 9, kuma daga nan za ki san girman da za ki riƙa ginawa idan aka ba ki odar murfi ko faranti mai ƙayyadadden awo. Idan faranten wuta uku a jere suka fito da awo ɗaya da launi ɗaya, ki sabunta biyanki ki fara tara aikin da za ki nuna. Ki aiko mini da hotonsu a jere tare da lambobinsu, sai mu duba haɗin ƙyallin da za ki fara da shi.